Ko Za A Iya Kwashe Manyan Fayilolin Laburare Daga /lib Zuwa Wani Faifai?

Tambayar ta fito ne daga wani matashi da ke kula da injinan wata cibiyar koyar da kwamfuta a Sabon Garin Zariya. Ya ce injinan nasu duka suna aiki da Debian, ɗaya daga cikin rabe-raben babbar manhajar Linux, kuma ɓangaren faifan da aka girka babbar manhajar a kai ya kusa cika. Saboda haka yana tunanin haɗa nasa fakitin, wato ƙunshin fayiloli da ake girkawa a inji, da zai kwashe manyan fayilolin laburare, wato guntayen manhaja da sauran manhajoji ke aro don yin aikinsu, irin su libc da kusan kowace manhaja ke buƙata, daga foldar /lib ya kai su wata folda a faifai na biyu, sannan ya girka fakitin a kan injinan gaba ɗaya. Yana son ya san ko akwai haɗari a cikin hakan.

Ɗan'uwa, akwai haɗari, kuma babba ne. Shawarata ita ce kada ka yi, amma ba na son ka bari don kawai na ce ka bari, gara ka ga dalilin da idonka.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, adireshin da waɗannan fayiloli suke zaune a kai wani ɓangare ne na yarjejeniyar da ke tsakanin babbar manhaja da kowace ƙaramar manhaja da ke aiki a cikinta. Idan ka rubuta ls, umarnin da ke jero fayiloli, a tagar umarni, kanel, wato zuciyar babbar manhaja, yana buɗe fayil ɗin ls, ya karanta kansa, inda aka rubuta cikakken adireshin wata 'yar manhaja da aikinta shi ne ɗebo laburaren da ake buƙata ta ɗora su a ƙwaƙwalwa kafin ls ya fara aiki. Mu kira ta mai lodi, domin aikinta bai bambanta da na ɗan dako a tasha ba. A injinan Intel da AMD masu bit 64, wannan adireshi shi ne /lib64/ld-linux-x86-64.so.2, kuma an rubuta shi ne a cikin jikin manhajar tun ranar da aka harhaɗa ta. Kana iya gani da kanka idan ka ba da umarnin readelf -l /bin/ls. Kanel ba ya neman mai lodi a wani wuri idan bai same shi a nan ba, ba ya tambayar wani kundi, ba ya gwada folda ta biyu. Abin da zai yi kawai shi ne ya ce babu, sai ka ga saƙon nan mai rikita sabon shiga, "No such file or directory", ko kuma a sababbin sigogin bash, manhajar da ke karɓar umarninka a tagar, "cannot execute: required file not found", alhali ga fayil ɗin ls yana nan a inda ka san shi. Abin da ya ɓata ɗan dakon ne, shi kuwa saƙon bai ambace shi ba.

A Debian wannan fayil na /lib64 ba shi ne ainihin mai lodin ba, manuni ne kawai da ke nuna wani fayil a cikin foldar x86_64-linux-gnu da ke ƙarƙashin /lib. Ke nan da zarar ka ɗaga wannan folda, manunin ya koma nuna fili, kuma kusan duk wata manhaja da ke injin ta daina tashi a lokaci guda: mv da cp da ln da sudo da apt da dpkg, wato duk kayan aikin da za ka ɗauko don gyara ɓarnar. Wannan shi ne abin da ya raba libc da sauran laburare. Idan laburaren da ke buɗe hotuna ya ɓata, manhajar hoto ce za ta tsaya, ka sake girka shi cikin minti biyu. Idan libc ya ɓata, ba ka da hannun da za ka sake girkawa da shi.

Za ka iya cewa ai sai ka bar manuni a tsohon wurin yana nuna sabon. Tunanin ba laifi, kuma da manuni ne manyan rabe-raben Linux suka yi irin wannan ƙaura, amma faifai na biyu yana kawo wata matsala da manuni ba ya maganinta, matsalar lokaci. Idan inji yana tashi, akwai wani ɗan ƙaramin tsari na wucin gadi da ake kira initramfs, wanda ke ɗauke da nasa kwafin laburare, kuma aikinsa shi ne ya ɗaura ɓangaren faifan da ke tushe, wato ya haɗa shi da injin yadda za a iya karanta fayilolinsa, da kuma /usr idan an ware masa nasa ɓangare, sannan ya miƙa ragama ga manhaja ta farko, wadda a Debian ita ce systemd. Sauran faifai, irin wanda za ka ɗaura a /opt ko /mnt, systemd ne ke ɗaura su daga baya. To systemd kansa yana buƙatar libc kafin ya buɗe ido, kuma fayil ɗinsa ma a ƙarƙashin /lib yake. Ka ga an kulle mabuɗi a cikin ɗakin da ake son buɗewa. Sakamakon shi ne kanel ya tsaya cik da saƙon firgici, allon ya cika da rubutu, kuma babu tagar umarnin da za ka rubuta komai. Abin da ya fi ciwo shi ne wannan ba zai bayyana a ranar da ka yi aikin ba matuƙar faifan na biyu yana ɗaure. Komai zai tafi lafiya lau har sai an kashe injin an kunna washegari, lokacin da ɗalibai suka riga suka zauna.

Ko da mai lodi ya samu, akwai sauran aiki a gabansa. Kowace manhaja tana ɗauke da sunayen laburaren da take so, misali libc.so.6, ba tare da adireshi ba, shi kuma mai lodi yana da tsarin nema: adireshin da aka dasa a cikin manhajar idan akwai, da abin da aka sa a LD_LIBRARY_PATH, da kundin /etc/ld.so.cache wanda umarnin ldconfig ke ginawa, sannan foldojin da ya sani tun asali. Wannan matakin yana da sassauci, kuma shi ne ke yaudarar mutane su zaci komai haka yake. Amma akwai abubuwan da ba ta wannan hanya ake nemansu ba. Fayilolin PAM, waɗanda ke tantance kalmar sirri idan mutum zai shiga, ana ɗauko su ne daga wata folda da aka ƙayyade, kuma idan ba a same su ba injin zai tashi amma babu wanda zai iya shiga, har root, wato asusun da ke da cikakken iko a injin. Direbobin kanel ana nemansu a /lib/modules, ƙananan manhajojin da katin intanet da na hoto ke buƙata kuma a /lib/firmware. Dokokin tsaro na AppArmor da adireshi aka rubuta su, don haka manhajar da aka ba ta izinin karanta laburare a tsohon wuri ana iya hana ta a sabon. Kowanne daga cikin waɗannan yana fito da tasa alamar, kuma babu wadda za ta ce maka ƙaurar da ka yi ce sanadi.

Sai maganar ita kanta tafiyar. Sauya wa fayil suna a cikin ɓangaren faifai guda aiki ne na ƙiftawar ido, ko dai an yi ko ba a yi ba, babu tsakiya. A kan wannan ne dpkg, mai girka fakitoci a Debian, ya dogara: yana fara ajiye sabon fayil a gefe da suna mai ƙarewa da .dpkg-new, sannan ya sauya sunan ya hau kan tsohon, ta yadda babu daƙiƙar da injin zai kasance ba shi da libc. Amma tsakanin faifai biyu babu irin wannan. Mv yana kwafa ne sannan ya goge, kuma tsakanin kwafar da gogewar da dasa manuni akwai tazara. A ƙasashen da aka tsara waɗannan kayan, ana ɗaukar yankewar wuta a tsakiyar aiki a matsayin tsautsayi na nadiran. Mu a nan Zariya, daga Samaru har Tudun Wada, mun san ɗauke wuta ba ya sallama, kuma 'yan daƙiƙun da ake ɗauka kafin a tayar da janareta sun isa su bar inji rabi a nan rabi a can. Haka nan rubutun da fakitinka zai gudanar yayin girkawa da sh za a gudanar da shi, kuma duk umarnin da ke layi na gaba yana buƙatar laburaren da layin baya ya ɗauke.

Ni ma na taɓa ɗanɗana wani abu makamancin wannan tun ina sabon hannu. Wata manhaja ta ƙi tashi tana neman sabon libc, sai na ɗauko fayil ɗin daga wani inji na kwafa shi da cp kai tsaye a kan wanda ake amfani da shi. Ban san cewa cp yana rubutu ne a cikin fayil ɗin da manhajojin da ke gudana suke karantawa ba, wato na sauya musu ƙasa suna tsaye a kanta. Cikin ƙanƙanin lokaci suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, haɗin da nake shiga injin da shi daga nesa ya yanke, sai da na hau acaɓa na je wurin da filashi a aljihu. Daga baya na fahimci kuskure na biyu da ke ciki, cewa mai lodi da libc tagwaye ne, daga tushe guda mai suna glibc suke fitowa kuma dole su zama sigar guda, domin suna magana da juna ta wasu hanyoyi na cikin gida da ke sauyawa daga siga zuwa siga.

Wannan batu na tagwaye shi ne zai dawo maka bayan makonni ko da ka tsallake duk abin da na ambata. Manhajar dpkg tana da rajista a /var/lib/dpkg inda ta rubuta kowane fayil da fakitin da ya mallake shi, kuma a rajistar nan fayilolin da kake son kwashewa na fakitin libc6 ne. Fakitinka ba zai goge wannan ba. Ranar da Debian ta fitar da gyaran tsaro na libc6, dpkg zai zuba sababbin fayiloli a adireshin da ya sani. Idan manuninka ya tsaya daidai, wataƙila su bi ta kansa su sauka a sabon wurin. Idan kuwa fayil-fayil ka yi manunan, za a hau kansu da sababbi, ka wayi gari da kwafi biyu. A nan ko dai sabon mai lodi ya haɗu da tsohon libc injin ya faɗi, ko kuma, wanda a ganina ya fi muni, komai ya ci gaba da aiki da tsohon kwafin mai rauni, kai kuma kana zaune da tabbacin cewa ka yi sabuntawa.

Yana da kyau ka san cewa waɗanda suka rubuta waɗannan tsare-tsare da hannunsu sun yi irin wannan ƙaura, kuma ba ta zo musu da sauƙi ba. Rabuwar /lib da /usr/lib gado ne daga farkon shekarun 1970, lokacin da Unix ɗin Ken Thompson da Dennis Ritchie ya fi ƙarfin faifai guda aka malala sauran zuwa na biyu, wato matsalarka ce ta yau ta haifi tsarin. Bayan shekaru kusan arba'in sai aka ga rabuwar ba ta da sauran amfani, aka fara haɗe su wuri guda a ƙarƙashin /usr tare da barin manuni a tsofaffin wuraren. Fedora ta yi nata a siga ta 17 a shekarar 2012, kuma ga masu tsofaffin injina an tanadi a yi sauyin ne daga cikin initramfs, lokacin da ainihin tsarin bai tashi ba tukuna. A watan Yulin 2012 ɗin Arch Linux ta mayar da /lib manuni ta hanyar sabunta fakitin glibc. An sanar da mutane su sabunta komai ban da glibc, su tabbatar babu sauran fayil na wani a cikin /lib, sannan su sabunta shi a ƙarshe. Waɗanda suka ga manhajar pacman, mai girka fakitoci a Arch, ta ƙi, suka tilasta mata da --force, da yawansu sun ƙare da injin da ba ya iya gudanar da umarni ko ɗaya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Labarin Debian ya fi dacewa da kai, kuma ya fi tsawo. Sababbin girke-girke sun fara zuwa a haɗe tun siga ta 10 a 2019, kwamitin fasaha na Debian ya yanke a 2021 cewa siga ta 12 haɗaɗɗen tsari kaɗai za ta tallafa wa, kuma ta fito a watan Yunin 2023. Amma tun daga 2021 an dakatar da masu kula da fakitoci daga kwashe fayilolinsu daga /lib zuwa /usr/lib a cikin fakitocin, duk da cewa a kan faifai wuraren biyu sun riga sun zama ɗaya. Dalilin yana da ban sha'awa. Shi dpkg da rubutun adireshi yake gane fayil, don haka a wurinsa /lib/wani da /usr/lib/wani fayiloli biyu ne dabam. A ce wani fayil ya bar fakiti na farko zuwa na biyu, kuma a lokaci guda adireshinsa ya sauya. Za a girka fakiti na biyu, ya rubuta fayil ɗin a /usr/lib. Sannan a zo cire na farko, dpkg ya duba rajista ya ga babu wanda ke da'awar /lib/wani yanzu, sai ya goge shi, ya bi ta manuni ya goge sabon da aka girka ɗazu. Babu saƙon kuskure, babu gargaɗi, fayil ya ɓace kawai. Sai da aka zauna aka lissafa ire-iren waɗannan ramuka ɗaya bayan ɗaya a wata takarda da ake kira DEP17, aka tanadi maganin kowanne, kafin a ɗage dakatarwar a ƙarshen 2023, kuma siga ta 13 da ta fito a watan Agustan 2025 ce ta zo da fayilolin a sabon mazauninsu. Ƙaura ce da ba ta ko tsallaka faifai ba, ta ci wa ɗaruruwan ƙwararru shekaru.

Daga nan ma za ka gane cewa idan injinanku siga ta 12 ce ko sama, /lib ɗin da kake son kwashewa manuni ne kawai. Ka gwada ls -ld /lib ka gani. Kayan suna /usr/lib.

Akwai tsarin da ya ajiye laburarensa a wani wuri dabam da gangan, wato NixOS, inda komai ke ƙarƙashin /nix/store. Sun iya yin haka ne saboda suna harhaɗa kowace manhaja da sabon adireshin a jikinta, kuma duk da haka manhajar da aka sauko da ita daga waje a shirye ba ta tashi a can sai an yi mata gyara da patchelf ko wata dabara makamanciyarta. Wannan ne ainihin farashin sauya mazauni, sake gina kowace manhaja, kuma ba aikin fakiti guda ba ne.

Idan ya zamana ka riga ka gwada a wani inji kafin ka yi tambayar, ga abin yi. Kada ka kashe injin, kuma kada ka rufe tagar root idan akwai wadda ke buɗe, domin manhajar da ta riga ta tashi tana riƙe da laburarenta a ƙwaƙwalwa. Daga cikin tagar kana iya kiran mai lodi da kanka ta sabon adireshinsa, ka ba shi zaɓin --library-path da foldar da laburaren suka koma, sannan /bin/mv da abin da kake son mayarwa. Da sudo, umarnin da ke ara maka ikon root, hakan ba zai yiwu ba, shi ya sa tagar root take da daraja a wannan hali. Wanda ya girka fakitin busybox-static tun da wuri ya huta, domin wannan manhaja ɗauke take da laburarenta a jikinta, tana da nata mv da ln da ba sa jiran mai lodi. Idan kuwa injin ya riga ya mutu, sai a tayar da shi daga filashi mai ɗauke da Linux, a ɗaura faifan, a mayar da fayilolin inda suke da manunansu, sannan a shiga cikin tsarin da ke kan faifan da umarnin chroot a gudanar da ldconfig da update-initramfs -u kafin a sake kunnawa.

Yanzu mu koma kan abin da ya dame ka tun farko, wato wuri. Fayil ɗin libc.so.6 kimanin megabait biyu ne, don haka ko ka yi nasara ribar ba ta kai ta kasadar ba, garin gyaran gira ne za a rasa ido. Abin da ke cika faifai a irin injinanku yawanci wani abu ne dabam. Fakitocin da aka sauko suna taruwa a /var/cache/apt/archives, kuma apt clean yana share su. Tsofaffin kanel da direbobinsu suna zama bayan kowace sabuntawa, apt autoremove yana kwashe su. Kundin abubuwan da suka faru yana kumbura, ana rage shi da journalctl --vacuum-size. Sama da duka akwai /home, inda ɗalibai ke tara bidiyo da duk abin da suka sauko, kuma ita ce foldar da ta fi cancanta ta koma faifai na biyu, domin babu abin da ke buƙatarta kafin injin ya gama tashi. Ka fara da du -xh --max-depth=1 / ka ga inda nauyin yake kafin ka taɓa komai.

Idan bayan wannan har yanzu tushen ya matse, hanyar da Debian ta yarda da ita ita ce a ba /usr gaba ɗayansa nasa ɓangaren faifai. Ana yin hakan ne daga filashi, injin ba ya gudana a kan tsarin da ake taɓawa, a kwafa tare da kiyaye izini da manunai, a rubuta sabon ɓangaren a /etc/fstab, a sake gina initramfs, kuma kada a goge tsohon kwafin sai sabon ya tashi lafiya. Adireshi bai sauya ba a nan, faifan da ke ƙarƙashinsa ne ya sauya, shi ya sa dpkg da mai lodi ba za su ko lura ba. A gaskiya, ga injinan aji da ba su ɗauke da wasu muhimman bayanai, ni na fi karkata ga sake girkawa da rabon faifai mai yalwa, ko da LVM wanda ke ba da damar ƙara wa ɓangare girma daga baya. Idan kuma wata manhaja guda ce ke neman wata sigar laburare dabam, sai a ajiye ta da nata laburaren a ƙarƙashin /opt ko a cikin kwantena, wato keɓantaccen muhalli na manhaja guda a cikin injin, a bar na babbar manhaja a inda suke.

Duk wanda ka zaɓa, ka fara gwada shi a injin kwaikwayo irin na VirtualBox bayan ka ɗauki hoton halin da yake ciki, ka kashe ka kunna aƙalla sau biyu, ka gudanar da apt upgrade ka ga ya wuce. Sannan ka yi a inji guda na gaske da ke kan inbata mai caji, ka bar shi ya yi mako ɗalibai suna amfani da shi, kafin ka taɓa na biyu.